Ni da jika goma a sabon kanti

Gara in faɗi gaskiya tun farko, ba sayayya ce ta kai ni ba, sanyi na je sha. Duk wanda ya san Damagaram a watan huɗu ya gane zancen, rana ta yi ta gasa duwatsun nan tun hantsi, da azahar su kuma su fara hucewa a kanmu, ga kuran, wutar lantarki, yana ta wasan ɓuya da mutane. Ana cikin haka sai labari ya cika gari wai an buɗe wani ƙaton kanti irin na Yamai, sipermarshe, wai kilim ɗin ciki, injin sanyaya ɗaki, har sai ka nemi bargo, kuma kaya da hannunka kake ɗauka ba mai ce maka ajiye in ba saya za ka yi ba. A fadarmu kwana uku ana shayi ba a yi wata hira ba sai tasa, har wanda ko ƙofar bai gani ba yana rantsuwa kan abin da ke ciki.

Ranar Asabar uwargida ta miƙo mini ƴar takarda, shinkafa, mai lita guda, sukari, tumatirin gwangwani, magi da sabulun wanki. Ta ce "Malam, ka biya ta wajen Baba mai shago, albasa kuma a bari sai Alhamis in an je kasuwar Dole." Na ce yau ba Baba ba Dole, sabon wuri za ni, mu ma a san mun waye. Ta dube ni ta ce to Allah ya tsare aljihu. Ban da ƴan canjin kabu-kabu na zuwa, jika goma ce a jikina, takarda guda sabuwa ƙal, kuma ranar wata yana 19, ita kaɗai ce tsakanina da albashi.

Ɗan kabu-kabu bai ma iya kai ni bakin ƙofa ba saboda cinkoso. Kai ka ce hawan salla ake a ƙofar fada, mutanen Birni, na Zango, na Garin Malam, na Sabon Gari, har na ji wasu mata na cewa daga Mirya suka yo takanas. Gardi yana sakin mutane goma goma kamar ana rabon taimako. Da layi ya zo kaina na sa ƙafa ciki sanyin nan ya buge ni, wallahi sai da na tsaya na yi hamdala a fili, na bayana ya ce Malam matsa mana mu ma mu samu albarkar.

Na ja keken zuba kaya, sharyo, don na ga manyan mutane shi suke ja, ƴan kwando kuwa sai na ga kamar ba su shirya ba. Kuskure na farko ke nan. Kwando in ya yi nauyi hannunka zai gaya maka, sharyo kuwa ba ya faɗa maka komai, kuma in ka jefa sukari ɗaya a cikinsa sai ya zama kamar maraya a tsakar gida, dole ka nemo masa ƴan uwa. Ga nawa ƙafarsa ɗaya ba ta jin magana, ni ina nufin Tanut shi yana nufin Magarya, sau biyu ina taka wa wani Alhaji diddige ina ba shi haƙuri.

A cikin mutum goma da ƙyar uku ke sayen wani abu. Samari sun jeru gaban firigo suna hoto, wani bawan Allah ya buɗe ƙofar firigon yawur ya tsaya yana karanta kwalba ɗaya tun da na shigo har na zagayo, ko juya ta bai yi ba. Wata Hajiya ta ɗaga waya sama tana nuna wa ƴarta ta WhatsApp tana cewa kin gani ko, ba ku kaɗai ba ne.

To ga inda girman kai ya shigo. Mu nan ai da dala muke ƙirga kuɗi, dala ɗaya faran 5, dala ashirin faran 100, dala ɗari 500, jika kuma 1.000, haka muka tashi muka tarar, a Dole ba mai ce maka faran kaza. Su kuwa komai da faran suka liƙa. Wata tsohuwa ta jawo hannun rigata ta ce "Ɗan nan, diba mini wanga nawa ne?" Na ga 350, na ce dala saba'in Iya. Ta ce kai madalla, wanga fa? 1.250, jika da dala hamsin. Kafin in ankara mata biyar ne ke bina a baya ina raba musu da biyar da ka, ko ƙiftawa ba na yi, Iya tana cewa Allah ya yi wa karatu albarka. Ni ma na ɗan gyara hula na ce ai mushe ne ni, malamin makaranta, shekara da shekaru ina koyar da kalkil, wato lissafi. Na yi wa kowa lissafin kayansa. Nawa ne kawai ban yi ba.

Shinkafa da mai da sauran abin takarda na ɗauka, ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Amma sai na ga tuffa jajaye suna ƙyalli an rubuta 1.500, na ce kai yara su ma su ɗanɗana, na cika leda. Ashe a ƙasa akwai wani ɗan rubutu kamar ƙafar tururuwa, kuɗin kilo ɗaya ne. Na ga cukun Turawa mai hoton saniya tana dariya, ni da na saba da cukun Buzaye da sai ka tsoma a shayi kafin haƙori ya shiga, na ce a gwada. Biskit na gwangwani saboda gwangwanin ya yi kyau uwargida za ta sa zare da allura. Turaren fesa ɗaki. Mayonez. Da wata kwalbar shamfu kora mai ƙamshin lemo, wadda har yau ban san wane aljani ya sa ta a sharyon ba, don rabon kaina da gashi tun kafin a buɗe matatar mai ta Soraz a 2011.

Layin kes, wurin biyan kuɗi, ya ci kusan minti arba'in. Saura mutum biyu a gabana kuran ya ɗauke, duk kanti aka yi "aaa" baki ɗaya kamar an ɓarar da fanareti, gurup, wato janareta, ya tashi, sai kuma aka ce a jira inji ya farfaɗo. Ni ko a jikina, sanyi nake sha kyauta.

Da na iso yarinyar da ke kes ta ɗago kai sai ta miƙe tsaye. "Mushe! Ina wuni, ya gida, ya su madam?" Ɗalibata ce ta CM2, ajin ƙarshe na firamare, har na tuna bencin da take zama, kuma na tuna sau nawa na tsayar da ita gaban allo kan tebirin bakwai na lissafi. Na amsa da muryar nan ta aji, na ce madalla, haka ake so. Ta aza tuffa a sikeli, ta fara wuce kaya gaban inji, ƙit, ƙit, ƙit, ni ina kallon lambobi suna hawa kamar ma'aunin zafi. Da suka wuce 10.000 na ji kilim ɗin ya daina aiki a kaina ni kaɗai. Ta ce "Mushe, 17.850 ne." Kaina da ya saba ya ba ni amsa nan take ba tare da na tambaye shi ba, jika sha bakwai da dala ɗari da saba'in.

Bakina ne ya riga ni. Na ji na ce "To nawa za ki bari?" Ta sunkuyar da kai tana danne dariya ta ce "Mushe ai inji ne, ba a ragi." Na ce ko ɗan gyara babu? Na waiga, Alhajin da na taka ne a bayana, bayansa Iya da tawagarta, can kuma uban wani yaro da na kira lekwal makon jiya na yi masa wa'azi kan ɗansa ba ya mai da hankali a lissafi. Na laluba aljihun hagu, na dama, na gaba, alhali na san abin da ke ciki, na duba waya kamar akwai wani abu a asusuna na MyNita. Na ce a hankali, ƴata a rage wasu.

Ashe cire kaya ba a ɓoye ake yinsa ba. Sai an kira shef ya zo da kati, kuma da ƙarfi ake kiransa. Shef ya zo ya tsaya, layi ya yi tsit. Ni kuma so nake kawai a gama in bar wurin, sai na fara miƙa masu tsadar don lamba ta yi saurin sauka, shinkafa ta tafi, mai ya bi ta, sukari, sabulu, tumatir. Inji ya tsaya kan 9.925. Na miƙa takardata. Canjina dala sha biyar, ta ce Mushe ba canji, ta ba ni alewa uku. Iya ta leƙo ta ce "Ɗan nan, naka nawa ya kama da dala?" Na yi kamar ban ji ba.

Kuɗin kabu-kabu babu, a ƙasa na taka, leda mai tambarin kanti a hannu, rana ta karɓi sanyin nan duka da riba kafin in kai kwana ta biyu. A hanya na yi ta auna abin. Ba zan zalunce su ba, wurin tsaf yake, ba ƙuda ba ƙura, kowane gwangwani kana iya duba ranar lalacewarsa da idonka, kuma kuɗin da za a ce wa gwamna shi za a ce maka, sabulunsu ma ya fi na unguwa sauƙi da dala biyar. Amma a Dole in mai albasa ya ce dala ɗari ka taya sittin, ya ce albarka, ka yi kamar za ka tafi ya kira ka, a daidaita a tamanin ya kuma jefa maka biyu gyara, ka dawo gida kana jin ka ci yaƙi ko da shi ya ci ka. Baba mai shago kuwa laifinsa ba ya ƙirguwa, da ya ji a rediyo an rufe iyaka ko naira ta motsa sai ya ƙara wa kayan da suka shekara a kanta kuɗi, akwai wani sardin a saman shagon da na tabbata ya girmi autana. Amma zai sayar maka da sukarin dala biyar, mai a ƙulli, magi ƙwaya ɗaya, yana buɗewa daga sallar asuba, kuma yana da littafi. Littafin nan mai bango shuɗi ya san ranar da albashi ke makara fiye da banki.

Da na shigo unguwa na tura ledar cikin babbar riga na tsaya gabansa na yi sallama kamar daga masallaci nake. Na karanto masa takardar uwargida daga sama har ƙasa. Yana aunawa bai ko dube ni ba ya ce "Malam, an tahi buɗe ido ke nan? Sanyin da daɗi?" Ashe kunnen ledar ya leƙo ta gefen riga. Na ciro tuffa ɗaya na ba shi don a rufe maganar, ya goge ta a hannun riga ya gatsa ya ce ba laifi, sannan ya lashi yatsa ya buɗo shafina ya rubuta komai cif, ko dala bai rage ba.

A gida yara suka yi wa tuffa wawa, cukun ya narke ya zama kunu a cikin takardarsa. Uwargida tana fito da kaya ɗaya bayan ɗaya tana jerawa a tabarma ba ta ce uffan ba, wanda ya fi faɗa ciwo. Da ta zo kan korar kwalbar ta buɗe ta sunsuna, ta karanta jikinta, ta ɗago ta dubi hulata ta daɗe tana kallo.

"Malam," ta ce, "wannan na wane kan ne?"