Flabonoyid: ciki ba kwalbar gwaji ba ne

Masu tallar kafso sun mayar da flabonoyid, wasu sinadarai da ake samu a tsirrai, kamar sabulun wanke jini. To, akwai gyara a maganar.

Duk lokacin da ƙwayar halitta ta ƙona abinci da oksijin, wasu ɓurɓushi masu kaifi kan kuɓuce su far wa kitsen bangonta da furotin da DNA, kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Flabonoyid, da ire-irensu suka haura 6,000 a tsirrai, suna dakushe wannan kaifi a kwalbar gwaji. Amma a jiki, kaɗan hanji ke tsotsa, hanta ta sauya wanda ya samu shiga, ƙoda ta fitar da shi cikin sa'o'i. Shi ya sa a 2012 ma'aikatar noma ta Amurka ta janye jadawalin ORAC (ma'aunin ƙarfin abinci wajen dakushe wannan kaifi a kwalbar gwaji) da 'yan kasuwa ke tinƙaho da shi, don lambobinsa ba sa nuna abin da ke faruwa a jikin mutum.

Babban aikinsu zungura ne. Sukan taɓo hanyar Nrf2, wani furotin da ke kunna kariyar ƙwayar halitta, sai ƙwayar ta ƙara ƙera nata makaman, irin su gulutatayon. Don haka kaɗan-kaɗan kullum ya fi lodi ɗaya.

Lodin ma yana da haɗari. A 2018 hukumar kiyaye abinci ta Turai ta ce shan miligiram 800 ko fiye na EGCG a rana, wato sinadarin koren shayi da ake ɗurawa a kafso, na iya taɓa hanta. Shayin da aka jiƙa a kofi bai cika kaiwa nan ba.

A madafa ake yawan tafka asara. Kwasetin, wani nau'in flabonoyid, ya fi taruwa a ɓawon albasa na waje-waje, amma sai a fere biyu ko uku a zubar. Cire busasshen kawai. Idan ka tafasa ganye ka tsiyaye ruwan, ka zubar da wani kaso, gara turarawa ko a ci da romon. Farin totuwar lemu da mutane ke tsincewa (ɗacinta ne laifinta) nan flabonoyid ɗin da ake kira hesferidin ya fi yawa, mai matse ruwa kuwa yana barinsa a tuƙa.

Giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a rana, gwargwadon shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya, a riƙa sauya launi. Mai ƙarancin jini kuma ya raba shayi da abinci da aƙalla awa guda, domin waɗannan sinadarai suna ɗaure ayon (sinadarin ƙarfe) ɗin tsirrai su hana hanji tsotsarsa.