Yadda Littafin Napoleon Ya Kusa Saye Ni

Kwanaki wani abokina ya tarar da ni a ƙofar gida bayan la'asar, ina kishingiɗe a tabarma da wani littafi mai kaurin bulo. Ya juya bangon, ya ga mutum a kan farin doki, ya dube ni ya ce, "Malam, kai kuma me ya haɗa ka da Napoleon? Ka gama tarihin Shehu ne?" Na ce masa ban gama ba, kuma ba na jin zan gama. Muka yi dariya. Amma maganar ta tsaya min a rai, don ba shi kaɗai yake ganin karanta tarihin Turai ɓata lokaci ne ba.

A wurin masu baza tsofaffin littattafai a gefen titi na sayi littafin. Bangon ya sha rana, wanda ya riga ni mallakarsa ya yi ta jan layi da jan biro a babi biyu na farko, daga nan da alama ya gaji. Irin waɗanda ake rubuta wa kowa da kowa ne, ba na malaman jami'a ba, labari yana tafiya sumul kamar ana ba ka shi a dandali. Ina son irinsu ƙwarai, kuma ina ganin ya kamata mu riƙa karanta su. Sai dai akwai tarko a cikinsu, kuma ni na faɗa ciki tsundum.

Marubucin da yaro yake farawa. An haifi Napoleon a 1769 a garin Ajaccio na tsibirin Kosika, shekara ɗaya bayan Faransa ta karɓi tsibirin daga hannun Genoa. Yana ɗan shekara 9 aka kai shi makaranta a Faransa, 'ya'yan masu hali suna yi masa dariya saboda yadda yake karya Faransanci. To duk wanda aka taɓa ɗauko shi daga ƙauye aka jefa a makarantar kwana, 'yan birni suna kwaikwayon Turancinsa, zai ji yaron nan kamar ƙaninsa. Sai ga shi a 1793 ya taka rawa wajen ƙwato tashar jiragen ruwa ta Toulon, ya zama janar yana da shekara 24. Kafin ka ankara ka shiga rundunarsa. Wallahi na kama kaina da tsakar dare, babu wuta, ina haska shafi da fitilar waya, ina jin haushin Rashawa don sun ƙi tsayawa a gwabza. Wato ni ina zaune a ɗakina ina fushi da mutanen da aka shigo wa ƙasa da igwa.

Masar ce ta fara jefa min shakka, ko da yake sai da na koma baya na sake karanta babin. A 1798 Napoleon ya sauka a Iskandariyya, ya ci Alƙahira. Littafina ya ɓata shafuka masu yawa a kan masana fiye da 150 da ya tafi da su, da dutsen Rashid da aka tono a 1799 wanda daga baya ya buɗe karatun rubutun Fir'aunoni. Abin burgewa, ban musa ba. Amma boren da mutanen Alƙahira suka yi a Oktoban 1798 bai samu ko shafi biyu ba. A wannan boren aka yi wa unguwar Azhar ruwan igwa, sojoji suka shiga masallacin a kan dawakai. Wanda ya rubuta mana wannan dalla-dalla mutumin garin ne, Shehu Abdurrahman al-Jabarti. Shi ne ya ɗauki sanarwar da Napoleon ya sa aka buga da Larabci, mai cewa Faransawa masoyan Musulunci ne, ya bi ta yana fito da kurakuran nahawu kamar malamin zaure yana gyara wa almajiri allo. Kuma ba makahon maƙiyi ba ne: ya je ɗakin karatun Faransawan, ya ga littattafansu da kayan gwaje-gwajensu, ya yaba. Mutum irin wannan a littafina sunansa sau ɗaya ya fito, a ƙasan shafi, da ƙananan haruffa.

Daga nan na fara karatu da ido biyu. A Maris 1799, a Yafa ta Falasɗinu, an kashe fursunoni fiye da 2,000 bayan sun miƙa wuya. Marubucin ya ambata, sannan ya yi sauri ya kawo uzuri: babu abincin ciyar da su, babu sojojin gadinsu. A 1794 gwamnatin juyin juya halin Faransa ta soke bauta a yankunan da take mulka, a 1802 Napoleon ya dawo da ita. Toussaint Louverture, baƙar fatan da ya jagoranci 'yantattun bayin Saint-Domingue, wato Haiti ta yau, an yaudare shi aka kama, aka kai shi wani kurkuku mai sanyi a duwatsun Jura na Faransa, ya rasu a can a 1803. Duk wannan a bakin marubucin "kuskure" ne. Ban ce ya yi ƙarya ba. Wanda ya shekara biyar ko goma yana kwana yana tashi da wasiƙun mutum guda, dole ya zama lauyansa ko bai so ba.

Yanzu ga amsar da ban ba abokina ba a lokacin. Dubi shekarar 1804 kaɗai. Ranar 1 ga Janairu Haiti ta ayyana 'yancinta bayan ta kori sojojin Napoleon. A Fabrairu Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu. A Maris Napoleon ya ƙaddamar da kundin dokokin mu'amala na Faransa. Wajen Yuni aka yi Tabkin Kwatto. Ranar 2 ga Disamba Napoleon ya ɗora wa kansa kambi a majami'ar Notre-Dame, Paparoma yana zaune yana kallo. Tun muna firamare muka haddace 1804, amma kamar ita kaɗai take tsaye a fili, ban taɓa tambayar me sauran duniya take ciki a shekarar ba. Shi kuwa wancan kundin, shi ne kakan dokokin mu'amala da Nijar ta gada daga Faransa. Ɗan kasuwar Maraɗi ko Damagaram da ya shiga kotu kan yarjejeniya, inuwar 1804 ɗin Faransa tana kansa ko bai taɓa jin sunan mutumin ba.

Babin Rasha kuwa, da ina da iko da na sa duk mai ganin Bature daga sama ya faɗo ya karanta shi. Ranar 24 ga Yunin 1812 rundunar Napoleon ta fara ƙetare kogin Niemen zuwa cikin Rasha, wajen mutum 600,000 idan an haɗa da waɗanda suka biyo baya, kusan rabinsu ma ba Faransawa ba ne, akwai 'yan Poland da Jamusawa da 'yan Italiya. Mu abin da muka ji shi ne sanyi ya cinye su. Alhali tun cikin zafi, kafin a hango Mosko, yunwa da gudawa da zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa sun riga sun yi musu mummunan ɗiba. A Borodino, ranar 7 ga Satumba, kimanin mutum 70,000 daga ɓangarorin biyu aka kashe ko aka raunata a yini guda. Ya shiga Mosko ya tarar da kusan kango, wuta ta tashi ta cinye mafi yawan birnin, ya zauna sati biyar yana jiran Sarkin Rasha ya nemi sulhu, shiru kake ji. A hanyar dawowa naman dawakansu suka riƙa ci. Mafi yawan waɗanda suka ƙetare kogin nan ba su sake ganin gida ba.

Abin da ya fi tsaya min shi ne sanarwar soja ta 29 da ya aika Faris a Disamba. Bayan ta amsa cewa runduna ta tagayyara, sai ta rufe da albishir cewa lafiyar Mai Martaba, wato shi Napoleon, ba ta taɓa kai haka kyau ba. Shi kuma ya bar sauran sojojin a cikin ƙanƙara ya yi gaba. Ba banza ba Faransawan lokacin idan za su ce mutum ya shara ƙarya sai su kwatanta shi da sanarwar soja.

Mu da muka taso muna jin malamai suna tambayar wa ya ruwaito, daga wa ya ji, shi kuma yaya halinsa, bai kamata mu ajiye wannan tarbiyya a bakin ƙofa don littafi ya zo da Turanci da bango mai sheƙi ba. Bayan an ci shi da yaƙi a Waterloo a 1815, Ingilishi suka kai Napoleon tsibirin Saint Helena. Shekara kusan shida ya yi a can kafin ya mutu a 1821, kuma babban aikinsa shi ne zama yana shifta wa na kusa da shi labarin kansa yadda yake so a tuna da shi. Ɗaya daga cikinsu, Las Cases, ya buga nasa a 1823, aka yi ta rububinsa. Da yawa daga kalaman hikima da ake jingina wa Napoleon a Facebook, in ma ya faɗe su, daga bakin wanda ya sha kaye ne yana wanke kansa. Shi ya sa yanzu nake neman wani littafin a kansa daga alƙalamin wanda ba ya ƙaunarsa, ko da shi ma zai yi nasa son ran, in ajiye su gefe da gefe.

Abokin nan nawa dai da zai tafi ya ce in ara masa ya ga abin da ya ɗauke min hankali haka. Sati uku ke nan bai dawo da shi ba. Shekaranjiya wajen ƙarfe ɗaya na dare sai ga saƙonsa a WhatsApp: "Amma Malam, Turawan Ingila ba su da imani. Ka ga tsibirin da suka kai bawan Allahn nan?"