Shekara shida suna cewa "dawo gobe", yau sun ce lokaci ya wuce

Ranar Talata na shiga ofishin nan da fayil ɗin Baba a hammata, na fito jikina na rawa saboda takaici.

A 2017 mahaifina ya kai wa wata ma'aikata a nan Abuja tebura da kujeru. Kafinta ne, katakon ma bashi ya ɗauko. Aka karɓi kaya, aka buga masa hatimi, aka ce kuɗi sai kasafi ya fito. Ya yi ta sintiri daga Gwagwalada har ciwo ya kwantar da shi, Allah ya karɓi abinsa a 2021. Na gaji fayil, na gaji sintirin.

Na yi sallama, jami'in da ke ofishin bai amsa ba, yana ta ɓare gyaɗa a kan teburin da na tabbata hannun Babana ne ya goge shi. Na ce, "Yallaɓai, maganar kuɗin marigayi ce." Ya jawo fayil ɗin da yatsa ɗaya, ya leƙa kwanan wata, ya turo min shi har ya faɗi ƙasa.

"Malam, wannan ai ya zama tarihi."

Na durƙusa ina tsince takardu, na ce, "Yallaɓai, bara ku da bakinku kuka ce in yi haƙuri, ana kan aiki."

Sai a lokacin ya ɗago kai. Ya ce, "Na rubuta maka?" Na yi shiru. Ya kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga rigarsa ya ƙara da cewa, "To ka tafi kotu mana. Ka gaishe su."

Wallahi da marina ya yi da ya fi min sauƙi. Ashe ya san abin da yake faɗa. Lauyan da na gani washegari ya bayyana min cewa a dokar Abuja, bashin kwangila shekara shida ake ba ka ka shigar da ƙara, rikicin fili kuma shekara goma sha biyu. Wa'adin na wucewa, bashin yana nan amma kotu ba za ta saurare ka ba. Da sun taɓa amsa bashin a rubuce da sa hannu, ko sun biya wani abu daga ciki, da lissafin ya koma farko. Shi ya sa duk tsawon shekarun nan ba wanda ya ba mu ko layi ɗaya a takarda, sai daɗin baki. Namu wa'adin ya cika tun 2023, muna zaune a bencin ƙofarsu muna jiran oga ya fito daga taro!

Wa ya taɓa gaya wa kafinta wannan? A wane gidan rediyo aka sanar da shi da Hausa? An raine mu a kan cewa haƙuri ibada ne, kai ƙara kuma rashin kunya ne, sai aka mayar da haƙurin nan igiyar da za a ɗaure mu da ita. Har yanzu akwai dokar kare jami'an gwamnati da Turawan mulkin mallaka suka kafa a 1916, wadda ta ce in jami'i ya cuce ka a bakin aikinsa wata uku kacal gare ka. Wata uku, ga mutumin da motar gwamnati ta karya wa ƙafa yana kwance a asibiti! Ingila da aka kwaikwayo ta soke tata tun 1954. 'Yan majalisarmu suna da lokacin gyara dokar zaɓe duk zagaye, domin kujerarsu ce a ciki, amma wannan ba su taɓa ta ba.

Mai katako kuwa bai san wata shekara shida ba, mu ma ba za mu ce masa lokaci ya wuce ba, don ba za mu bar Baba da nauyin wani a kabari ba. Jiya ya sake aiko yaronsa. Inna ta ce a sa injin yankan katakon Baba a kasuwa, shi kaɗai ya rage a shagon.