Gaisuwar suruki daga ƙarƙashin Camry

Camry ɗin nan tawa ta 2004 da kuka sani, wadda ta haura mil 200,000 tun kafin ta baro Amurka ta biyo ta Kwatano, ita ce ta fara shan mai ba tsoron Allah. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 kowa ya koma lissafin lita, ni kuwa in na je Daura na dawo sai in tarar allurar mai ta kwanta. Fitilar cek injin ta kunnu ta ƙi mutuwa, bakin salansa ya yi baƙi ƙirin. Na kai ta wajen yaron nan mai kwamfuta na wajen Ƙofar Ƙaura nan Katsina, ya soka na'urarshi ƙarƙashin sitiyari, ya ce sensar oksijin ce ta mutu, ta ɗaya. Wai aikinta shinshina hayaƙin da ke fita, ta gaya wa ƙwaƙwalwar mota ko iska ta yi saura, ita kuma ta daidaita, kashi 1 na fetur ga kashi 14.7 na iska. In sensa ta tsufa sai ƙwaƙwalwa ta dinga zuba mai da ka. Ya ce wajen mil 100,000 ake canza ta, tawa kuwa da alama ta kamfani ce har yanzu. Da ya faɗi kuɗin aiki na ce mashi sai na yi shawara.

Shawarar ita ce na ba direban haya saƙo ya sayo mani sabuwar sensa ƙirar Denso a Ƙofar Ruwa ta Kano, tare da soket mai lamba 22, wannan mai tsaga a gefe don waya ta wuce. Na kalli wani Bature a YouTube ya kwance tashi yana fito. Ranar Asabar da hantsi, ranar da za mu tafi biki Daura bayan azahar, na ɗaga mota da jak a ƙofar gida, na tokare da bulo, na shimfiɗa kwali, na tuɓe riga na shige daga ni sai singileti da wandon shadda.

Na ga sensa kuwa, tana nan maƙale jikin bututun salansa, ta yi ja jawur da tsatsa. Motar da ta yi shekaru a inda ake watsa gishiri a titi saboda ƙanƙara, komai na ƙasanta ya riga ya zama abu ɗaya. Na sa soket na ja, ko gezau. Na ƙara bututun famfo a hannun sifana na ja har sai da kwalin ya zame da ni.

Nan ne Baba Direba ya baro gindin bedi ya jawo kujerarshi ya dasa dab da ƙafafuna. Ku da kuka san majalisarmu kun san ban taɓa tsare wa dattijon nan komai ba. Shekara da shekaru ya tuƙa motar gwamnati, kuma a ganinshi an gama ƙera mota tun ranar da Fijo 504 ta fara fitowa daga Kaduna, duk abin da ya biyo baya wasan yara ne. Shi ne fa ranar sunan autata ya ce a gaban jama'a ragona yana da tari. Shi ne ya ari kebul ɗina na tayar da batir tun da damina, mutumin da ba shi da ko keke. Ya leƙo ya ce, "Malam, mi ake nema nan ƙasa?" Na ce sensa. Ya ce, "Mu dai a zamaninmu kafireta ce, ka hura da baki, ka murɗa sukuru, ka kama hanyar Jibiya. Mota mai hanci ban taɓa ji ba." Daga inda nake kwance na ce mashi, Baba, tun 1976 kamfanin Bosch suka yi abin nan aka sa wa Volvo, lokacin 504 ɗinka tana sabuwa. Ya ce shi ya sa bai taɓa ganin Volvo ta kai Mashi ba. Majalisa ta kwashe da dariya. To ina hujja a nan? Amma da yake shi ke zaune bisa kujera ni ina kwance cikin ƙasa, shi aka ba gaskiya.

Yana cikin ba yara labarin yadda ya taɓa ɗaure fambel da igiyar rawani sai na ji mota ta tsaya. Na ji an buɗe ƙofa, na ji majalisa ta yi tsit, ana ta "sannu da zuwa Alhaji". Daga ƙarƙashin mota takalma kawai nake gani. Na ga wasu baƙaƙen sau-ciki masu ƙyalli da bakin babbar riga mai ruwan sararin sama, na kuma gane su nan take, don ni na sayi takalman nan da ƙaramar salla. Surukina ne. Ba shi kaɗai ba, da amininshi, wancan da ya karɓi sadakina ya ƙirga a gabana yana lasar yatsa. Ashe sun ce bari su biyo mu jera zuwa Daura, kuma an gaya wa maman yara, ita kuwa ta ga ba sai ta gaya mani ba.

Takalman suka matso suka tsaya daidai tafin ƙafata. Baba Direba, Allah ya saka mani, ya ce, "Ga shi nan ai, Alhaji, shina gyaran hancin mota."

Yanzu ku gaya mani, ya mutum zai durƙusa wa surukinshi yana kwance rigingine da tan ɗaya da rabi bisa ƙirjinshi? Jiki dai ya saba, da jin muryar Alhaji sai na yunƙura in tashi. Goshina ya daki salansa, ƙau! Garin tsatsa ya zubo mani a ido da baki. Na koma na kwanta, na ce bari in fito da baya, na fara jan gindi bisa kwali. Ashe mazagin wandona ya sarƙe da hannun jak. Ni ina fita, wando yana zama. Sai da na ji iskar hunturu a inda ba ta saba zuwa ba sannan na tsaya cak, rabina waje rabina ciki, kamar akuyar da ta sa kai a tulu. In na ci gaba, wando ya tafi. In na fizga, jak nake ja, bulon nan kuwa ban yarda da shi ba.

Sai na koma ciki. Daga can na ce, "Baba, ina kwana? An zo lafiya?"

Alhaji mutum ne mai kunya. Ya juya baya yana kallon katangar maƙwabta, ya amsa, "Lafiya lau, Malam. Ya aiki?" Na ce da godiya. "Ya iyali?" Lafiya lau. "Ya sanyi?" Wallahi sai da ya tambaye ni sanyi. Muka yi gaisuwar nan kaf ba a tsallake ko ɗaya ba, har ya mutanen gida da ya ƙarin haƙurinmu na rasuwar da aka yi, shi yana magana da katanga ni ina magana da salansa, hannuna ɗaya yana laluben mazagi, ido ɗaya a rufe yana zubar da hawaye. Amininshi kuwa bai juya ba. Ya ma sunkuyo, ya ce wa Baba Direba, "Ashe dai yaron yana da ƙoƙari." Yaro! Mai 'ya'ya huɗu.

Wanda ya kwance mazagin wani ɗan koyo ne na garejin bayan layinmu, bai fi shekara goma sha huɗu ba, ya zo wucewa da galan ɗin baƙin mai. Ya karɓi sabuwar sensar ya juya ta, ya dubi filoginta, ya ce, "Oga, wannan ai ta gaba ce, wadda kake kokawa da ita ta baya ce, ita indomi kawai take gadi, abin nan mai tace hayaƙi a cikin salansa." Ya ce in sauke mota. Ya tayar da injin ya ɗan yi ɗumi, ya kashe, ya buɗe bonet, sai ga ta nan tsaye a gaban injin bayan lagireto tana kallon kowa. Ya fesa mata man kwance tsatsa, ya zare filogi, ya sa soket ɗina mai tsada, ya ɗan buga da tafin hannu. Ta saki. Ya ɗaura sabuwar da yatsu tukuna don kada zare ya hau karkace, yana gargaɗina kar in taɓa bakinta da hannun maiko, sannan ya matse. A tsaye ya yi komai, ko gwiwarshi ba ta taɓa ƙasa ba.

Mai kwamfuta dai "ta ɗaya" ya ce. Bai ce daga injin ake fara ƙirga ba. Wanda ya shiga ta ƙasa, wadda ya fara gani ita ce ta ɗaya, kuma na faɗa mashi haka a waya.

Mun je Daura da ƙulu a goshina, hula ta ƙi zama, duk wanda ya tambaya sai aminin Alhaji ya riga ni amsawa. Mai ya ragu gaskiya. Sai dai a hanyar dawowa, daf da shiga gari, fitilar ta sake kunnuwa. Wannan karon lambar matsalar indomi, P0420, na'ura ta nuna, mai kwamfuta ya ƙwanƙwasa tukunyar salansa ya ce babu komai ciki, wani ya kwashe indomin tuntuni saboda ɗan ƙarfe mai tsada da ke jikinshi. Ina da wanda nake zargi, kun san shi, amma ba yau ba. Soket ɗin kuma yana hannun Baba Direba, ya ce zai nuna wa wani.