Kishiya ta bakwai

Ni ba tela ba ne. Gara in faɗi wannan tun yanzu, domin duk baƙon da ya leƙo ɗakina a unguwar Aboabo ta Kumasi ya ga kekunan ɗinki jere a jikin bango, abin da yake fara tambaya shi ne nawa nake ɗinka kaftani. Ko maɓalli ne ya tsinke a rigata, uwargida ke mayar da shi. Lissafi nake koyarwa a makaranta. Ciwon tara kekunan ya shige ni ne ta keken marigayiya kakata, wani Butterfly na hannu ɗan Shanghai, da na zaro daga ƙarƙashin gado ya daskare. Na ɗiga masa mai, na yi ta lallashinsa, ya farfaɗo. Tun ranar da ƙarfen nan ya ce cak-cak-cak a hannuna, albashina bai sake ganin ƙarshen wata ba.

Uwargida kishiyoyi take ce musu. Ranar da na shida ya shigo gida ta tsaya a bakin ƙofa da ludayi a hannu ta ce, "Malam, ni dai huɗu na ji an ƙayyade. Kai a wane littafi ka karanta shida?"

Na bakwai ya zo ne ranar wata Asabar. Ina zaune ina duba takardun yara, sai na ji ɗan kwandam yana kira a layi. Yaran nan masu sayen tsoffin ƙarafa duk sun san gidana, har sun fi ɗalibaina sanin lokacin da nake gida. Na leƙa. A cikin kurarsa, tsakanin mataccen fanka da rabin murhu, ga kan keke baƙi wuluk kwance a gefe kamar tunkiyar da aka ɗaure. Na goge ƙurar da babban yatsa, sai ga tambarin Singer mai shuɗin baki, an rubuta 1851 da 1951. Wato yana cikin waɗanda aka ƙera a shekarar da kamfanin ya cika shekara ɗari, shekara shida kafin Ghana ta samu 'yancin kai. Na duba ƙirarsa da kyau, 201K ne, wanda masu wannan cutar tamu suke cewa Singer ba ta taɓa yin kamarsa ba. Harafin K ɗin na nufin Kilbowie, katafariyar masana'antarsu da ke Clydebank kusa da Gilasgo, wadda aka rufe a 1980.

Mai hankali a nan zai yamutsa fuska ya ce ƙarfen banza ne, a auna a kilo. Ni kuwa me na yi? Na ce "Allahu Akbar!" da ƙarfi, har Hajiya maƙwabciyarmu ta fito ta ga ko wani ne ya haihu. Yaron da ya yi niyyar cewa sidi ɗari da hamsin ya dubi fuskata ya ce ɗari huɗu. Na taya ɗari biyu, bakina na rawa. Ya kama kurarsa zai tura. Na biya ɗari huɗu, har na ƙara masa na koko.

Uwargida ba ta ce uffan ba, wanda ya fi maganar muni. Da daddare ta kawo wani sabon zani ta ajiye a kan keken. "Akwai biki Lahadi uku masu zuwa. Amaryarka ta kalmashe mini bakin wannan. In ta kasa, ta koma gidansu."

Aikin farko bai da wuya. Tsohon mai ne yake bushewa ya zama kamar ƙaro ya riƙe komai, kuma ga alama wani bawan Allah ya taɓa ciyar da wannan keke da man gyaɗa, don warin da ya tashi da na buɗe ƙasansa na tsohon kaskon ƙosai ne. Maganinsa kananzir da haƙuri. Kwana huɗu ina ɗigawa ina girgiza ƙafar a hankali, ran na biyar ta juya. Keken 201 ba ya kwaramniya irin na sauran, giyar ƙarfe mai haƙora ce ke juya ƙugiyarsa mai kama zare zagaye, sautinsa kamar mage tana minshari. Na zauna ina juyawa ina saurare har tuwona ya huce.

Da na tsaya nan da an zauna lafiya. Amma na ce ai amarya sai da kwalliya. Na duba ban ga abin goge jiki ba, sai wata kwalbar sanitaiza da ta rage tun zamanin korona. Na zuba a tsumma na bi zanen zinaren da ke gadon keken, sau ɗaya, sau biyu. Tsumman ya yi ruwan ƙasa, na ce kai, dubi datti! Ashe ba datti ba ne. Waɗannan kekuna, bayan baƙin fenti da zanen zinare, ana shafa musu wani ƙaro da ake samu daga wani ɗan ƙwaro a Indiya, shi ke kare adon. Ruwa bai cika damunsa nan take ba, amma sifirit narkar da shi yake yi. Kafin in farga, zinaren da ya tsallake Nkrumah da duk juyin mulkin da ya biyo baya ya koma fari fat kamar azurfa, tsawon tafin hannuna. Na yi salati. Na ja zanin uwargida na rufe wurin.

Sai maganar kaza.

Na baje kayan cikin keken a faranti a tsakar gida don haske. A jikin gidan kwarkwaro akwai wani ɗan sukuru da ke daidaita ƙarfin zaren ƙasa, girmansa bai wuce ƙwayar dawa ba. Na kwance shi, na juya in ɗauko man keke, na juyo, sai ga jar kazar Hajiya tsaye a kan farantin tana miƙa wuya tana haɗiyar wani abu. Na duba, babu sukuru. Kazar ta dube ni da ido ɗaya.

Wanda bai sani ba zai ce a sayi wani mana, ba ga Suame Magazin, unguwar makanikai, nan ba, inda ake cewa ko injin jirgi ka kai za a haɗa maka. Na je. Na yi yawo tun hantsi har azahar, takalmina ya sha baƙin mai. Matsalar ita ce Singer ta da murɗin jikin sukurunta nata ne na kanta, ba ya shiga da na mota ko na rediyo. Wani bakanike ya saurare ni har ƙarshe, ya ce in kawo samfur. Na ce samfurin yana cikin kaza. Ya kira abokan aikinsa su ma su ji.

Na dawo na yi sallama da Hajiya. Na yi ta kewaye-kewaye, lafiyar jikoki, tsadar gawayi, kafin na zo kan batun. Ta ce, "Malam, wannan kazar fa ba ta sayarwa ba ce, ƙwai take yi mini kullum." Kazar da duk layin ya san tun Babbar Sallah ba ta saka ko ɗaya ba! Kuɗin kaza biyu da rabi na biya. Na yanka, na zauna da ƙundun a gabana ina tonawa da tsinke kamar mai duba. Na sami tsakuwa bakwai, da dutsen ado guda, da guntun roba. Babu sukuru.

Muna cikin cin naman da yamma, Auta ya zaro sukurudireba daga aljihun rigata yana wasa da ita. "Baba, mene ne wannan ya manne a bakinta?" Mai maganaɗisu ce. Tun safe sukurun yana aljihuna, tare muka je Suame muka dawo. Uwargida ta ƙara miya a kwanona ta ce, "Ci, Malam. Ai walimar amarya ce."

Na haɗa keken tsaf, na ɗora shi a kan ƙafar wani tsohon, na yanka sabuwar igiyar fata na ɗaura. Na sa allura, na zura zare, na taka. Allura na hawa tana sauka gwanin kyau, yadi na tafiya, amma ɗinki babu. Huji kawai take bari a jere, zaren sama bai ko gaisa da na ƙasa ba. Na ƙara ƙarfin zare, na rage. Na sake kwarkwaro. Na kalli bidiyon Turawa a YouTube har kuɗin data ya ƙare, wani dattijo yana magana a kan saitin ƙugiya, na kuwa yarda cewa cutar ke nan. Sau uku ina kwance ƙasan keken ina mayarwa. Ana jibi biki, na haƙura, na ɗauki aboboya, babur ɗin kaya mai ƙafa uku, zuwa unguwar Alabar wurin wani tsohon tela da ya ɗinka wa mahaifina rigar aure. Ni a baya rungume da keken, kowane rami sai haƙarƙarina ya ji.

Na fara yi masa bayani da lissafi, tazarar ƙugiya da allura, kashi kaza na milimita. Baba tela bai ko ɗago ba. Ya ɗage zanin da na rufe gadon keken da shi, ya ga farin tabon, ya ce, "Wa ya ba shi giya?" Yaran shagon suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa.

Sannan ya kwance allurar, ya juya ta, ya mayar. Ya zura zaren daga dama zuwa hagu. Ya jawo ƙyalle, ya murza ƙafar da tafin hannu. Ɗinki ya fito miƙe sambal kamar an ja da rula.

"Ɗana, allura tana da gefe mai faɗi a samanta. A Butterfly ɗinku faɗin dama yake kallo. Wannan kuwa hagu yake so. In ka sa masa a juye, ƙugiya za ta zo ta wuce ba ta sami zaren da za ta kama ba." Ya miƙo mini ƙyallen. "Kwana nawa ka yi a kai?"

Na ce kaɗan.

Ya ƙi karɓar ko kwabo. Ya ce dai in bar shi ya riƙa ba sababbin yara labarin.

Ranar Asabar bayan la'asar na kira duk gidan su zo su shaida. Na shimfiɗa zanin, na naɗe bakinsa, na yi bismilla, na taka. Kai, keken nan yana gudu! Tun daga wannan gefe har wancan ban tsaya ba, Auta na tafi. Na yanke zare, na miƙe in miƙa wa uwargida kayanta cikin isa, sai zanin ya taso tare da ni. Hannun jallabiyata ya shiga ƙarƙashi, na ɗinke shi da zanin kusan kamu biyu, da ƙananan ɗinkin nan masu ƙarfi da ake yabon 201 a kansu.

Ta sa ni na zauna a kan turmi, ta ɗauko reza tana farkewa ɗaya bayan ɗaya, ana ta kiran magariba. Muna tsakiyar haka sai muryar yaron nan ta taso daga bakin layi: "Kwandam! Malam, an samo wani!"

Na yunƙura. Ta take gefen zanin da ƙafa, ko kallona ba ta yi ba. "Auta, je ka ce masa Malam yana ɗaure."