Wanda ba shi da sana'a ba ya shiga fada

A cikin tatsuniyoyin mutanen Ayaland na dauri akwai labarin wani saurayi da ya isa ƙofar fadar Tara a ranar da Sarki Nuada ke walima, mai tsaron ƙofa ya tare shi ya ce ya faɗi sana'arsa, domin ba a barin mara sana'a ya shiga. Saurayin ya ce shi masassaƙi ne, aka ce akwai masassaƙi a fada. Ya ce shi maƙeri ne, aka ce akwai. Haka ya yi ta jerowa: makaɗi, jarumi, mawaƙi masanin tarihi, boka, mai magani, mai shayarwa, maƙerin tagulla, kowace ya ambata sai a ce masa wane ya riga shi, har aka ce masu shayarwa kam tara gare su. Sai ya ce a shiga a tambayi sarki ko yana da mutum ɗaya da ya haɗa waɗannan duka. Aka gwada shi da wani wasa mai kama da dara ya cinye kowa, aka buɗe masa ƙofa, daga baya sarkin ya sauka daga karaga ya bar masa ita har kwana 13. Sunan saurayin Lug, ɗaya daga cikin gumakan da ake bauta wa a da, wanda Keltawa, dangin mutanen Ayaland da suka zauna a ƙasar Faransa ta yau, suke kira Lugus.

Kafin wani ya yi mini tambayar da na san tana zuwa, bautar gumaka ɓata ce, kuma ba ita nake tallatawa ba. Su kansu waɗanda suka rubuta labaran nan malaman Kirista ne da suka zo ƙarnuka bayan an daina bautar Lug, sun adana su ne a matsayin tarihin kakanninsu. Abin da ya ja hankalina shi ne, idan kana so ka san abin da wata al'umma take girmamawa, ka dubi siffar da ta ba abin bautarta. Keltawa mayaƙa ne da suka taɓa ƙone birnin Rum, amma babban abin da suka yabi Lug da shi aikin hannu ne.

Shaida mafi tsufa ta fito daga bakin abokin gabarsu. Yuliyos Kaisar, jagoran yaƙin Rumawa wanda ya yaƙi Keltawan Faransa daga shekara ta 58 zuwa ta 50 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya rubuta cewa abin bautar da suka fi girmamawa shi ne wanda suke ɗauka ya ƙirƙiro dukkan sana'o'i, yana kula da hanyoyi da matafiya, kuma yana da ƙarfi a kan ciniki da neman kuɗi. Kaisar bai faɗi sunansa na asali ba, ya laƙaba masa sunan gunkin Rumawa Makyuri, amma masana da yawa sun tafi a kan cewa Lugus yake nufi. Sunan kuwa ya bar sawu a taswira: birnin Liyon, wanda Rumawa suka kafa a shekara ta 43 kafin haihuwar Annabi Isa, Lugdunum ake kiransa, kuma fassarar da aka fi yi wa kalmar ita ce ganuwar Lugus.

Inda na fi daɗewa ina tunani shi ne maganar dukawa. A garin Osma da ke Sifaniya an samu wani dutse mai rubutun Latin wanda aka sadaukar ga Lugobes, wato jam'in sunan Lugus, a madadin ƙungiyar masu ɗinkin takalma. Sai kuma can a Wales, fiye da shekara dubu bayan haka, aka rubuta labarin wani yaro mai suna Lleu, wanda masana suke ganin shi ne Lug na mutanen Wales, wanda mahaifiyarsa ta rantse ba zai samu suna ba sai ita ta raɗa masa, kuma ta ƙi. Kawunsa ya ɓad da kamanninsu suka zo a jirgin ruwa a matsayin dukawa. Ta aiko a yi mata takalmi, aka yi ya yi mata girma, aka sake ya matse ta, dole ta zo da kanta a gwada ƙafarta. Tana nan sai wani ɗan tsuntsu ya sauka a jirgin, yaron ya jefe shi a ƙafa bai kuskure ba, ita kuwa ta ce lallai farin yaron nan hannunsa ya iya. Maganar nan ta zame masa suna. Tsakanin Osma da Wales akwai teku da ƙarnuka, amma baduku bai ɓace daga labarin ba. Duk wanda ya san yadda ake kallon wasu sana'o'in gado a wajen neman aure zai gane nauyin a ce babban abin bauta ya zauna yana ɗinka takalmi.

Batun haske kuma, wanda a yau ake fara ambata idan an zo maganar Lug, a ganina shi ne mafi rauni. Masanan ƙarni na 19 sun shagala da fassara kowane gunki da rana, suka danganta sunansa da tsohuwar kalmar da ke nufin haske. Masana harshe da suka zo daga baya sun nuna shakku a kan hakan, wasu ma sun ce sunan ya fi kusa da kalmar rantsuwa, wanda kuwa ya fi dacewa da mai kula da ciniki, tunda kasuwa ba ta tafiya sai da alkawari. Gaskiya ne labaran suna kwatanta fuskarsa da hasken rana, amma kirari ne irin wanda ake yi wa kowane gwarzo.

Ko bikinsa ma na kasuwa ne da girbi. Ana yin sa a farkon watan Agusta, har yau kuma sunan watan a harshen Ayaland, Lunasa, daga nan ya samo asali. An ce ya kafa bikin ne don tunawa da Tailtiu, matar da ta yi renonsa, wadda ta mutu saboda wahalar sare daji don a samu gonaki. A wurin taron, a yankin Meath na Ayaland, a da ana sukuwar dawaki, ana saye da sayarwa, ana sasanta rigingimu, ana ƙulla aure.

Ba na ɓoye cewa Lug mayaƙi ne. A yaƙin da mutanen Nuada suka yi da abokan gabarsu a filin Mag Tuired shi ya kashe kakansa na wajen uwa, Balor, mai idon da ke hallaka runduna idan aka buɗe shi, ta hanyar harba masa dutse da majajjawa a cikin idon. Amma a dubi abin da ya biyo baya. An kama Bres, tsohon sarki marowaci da ya koma wajen abokan gaba, yana roƙon a bar shi da rai. Ya yi alkawarin shanun ƙasar ba za su daina ba da nono ba, aka ƙi. Ya yi alkawarin girbi sau huɗu a shekara, aka ce sau ɗaya da aka saba ya wadatar. Sai Lug ya tambaye shi yadda mutanen ƙasar za su yi huɗa, da yadda za su yi shuka, da yadda za su yi girbi. Bres ya ce huɗa ranar Talata, shuka ranar Talata, girbi ranar Talata. A kan wannan amsar aka sake shi.