Ga ƙoshi ga kwanan yunwa: dogayen layukan neman aiki a Indiya

A watan Yulin 2024 wani gajeren bidiyo ya zagaya shafukan sada zumunta daga garin Ankleshwar da ke jihar Gujarat a yammacin Indiya. Ɗaruruwan samari ne suka cunkushe a ƙofar wani otal, na baya yana tura na gaba, kowa yana ƙoƙarin ya sa ƙafa a ciki, har shingen ƙarfen da ke gefen hanyar shiga ya lanƙwashe ya karye, wasu suka zube ƙasa. Wanda bai san labarin ba zai zaci rabon kayan agaji ake yi. Wani kamfani ne ya yi shelar cewa yana neman ma'aikata, kuma guraben da yake da su ba su wuce 'yan gomomi ba. Mako guda bayan haka aka ga wanda ya fi shi a Mumbai, inda mutum fiye da 25,000 suka yi cincirindo a ofishin kamfanin da ke kula da lodi da sauke kaya a filin jirgin sama, suna neman guraben da suka ɗan haura 2,000. Aikin dako ne, albashinsa tsakanin rufi (kuɗin Indiya) 20,000 zuwa 25,000 a wata, kuma a cikin waɗanda suka yi doguwar tafiya dominsa har da masu digiri. Da taron ya fi ƙarfin masu shirya shi, sai aka ce kowa ya ajiye takardarsa ya koma gida.

Abin da ya sa waɗannan hotuna suka tsaya wa mutane a rai shi ne ƙasar da aka ɗauke su. A shekarar kuɗi ta 2023 zuwa 2024 tattalin arzikin Indiya ya bunƙasa da fiye da kashi 8 cikin ɗari, abin da babu wata babbar ƙasa da ta yi kamarsa a lokacin. A 2022 ta sha gaban Birtaniya, wadda ta yi mata mulkin mallaka, ta zama ta biyar a girman tattalin arziki a duniya, sannan a watan Agustan 2023 ta sauke kumbo a duniyar wata. Mu ma nan ba baƙinta ba ne, domin adaidaita sahun da muke hawa, da maganin da muke saye a kemis, da asibitocin da masu hali suke kai marasa lafiyarsu, da yawansu nata ne. To, yaya aka yi ƙasar da take sayar wa duniya wannan duka take tara 'ya'yanta dubbai a rana domin aikin ɗaukar akwati?

Lokacin da 'yan adawa suka ɗauki bidiyon Gujarat suna sukar gwamnati da shi, 'yan jam'iyyar BJP mai mulki sun mayar da martani cewa tallan aikin ya nemi masu ƙwarewa, saboda haka waɗanda suka taru ba marasa aikin yi ba ne, mutane ne da suke da abin yi a wani wuri. Sun faɗi hakan ne domin kare kansu, amma a ganina sun taɓo ainihin ciwon ba tare da sun yi niyya ba. Mutumin da yake da aiki, amma ya yarda a tattake shi a ƙofar otal domin ya samu wani, ya ba da shaida a kan irin aikin da yake riƙe da shi.

Alƙaluman hukuma sun ce rashin aikin yi a Indiya bai wuce kashi 3 da ɗigo 2 cikin ɗari ba a wancan lokacin, kuma ba na zargin masu ƙididdigar da ƙarya. Maganar tana wurin wanda ake lissafawa a matsayin mai aiki. Matar da take taya mijinta noma ba tare da an biya ta ko sisi ba tana cikin lissafi, haka mai tallan shayi a bakin tasha, haka saurayin da yake zaman shagon mahaifinsa saboda ba shi da wurin zuwa. Fiye da rabin masu aiki a ƙasar kansu suke yi wa aiki, kuma wanda yake karɓar albashi a kai a kai kusan mutum ɗaya ne cikin biyar, sannan ko a cikin waɗannan akwai da dama da ba su da rubutacciyar yarjejeniya ko hutu ko fansho. Talaka ba ya iya zaman kashe wando ko da yana so, domin in bai fita ba tukunya ba za ta hau wuta ba, don haka kullum ƙididdiga za ta same shi yana wani abu. Mu a Nijeriya mun ga irin wannan a 2023, sa'adda hukumar ƙididdiga ta sauya ma'auninta, rashin aikin yi ya sauko daga kashi 33 zuwa kashi 4 cikin ɗari a takarda, alhali majalisun samari a bakin titi suna nan yadda suke.

Abin da masu layin nan suke nema tabbas ne, wato su san cewa ranar kaza ga wata kuɗi kaza zai shigo, kuma gobe ba za a sallame su da baki ba. Shi ya sa aikin gwamnati, wanda Indiyawa suke kira sarkari naukri, ya zama abin da iyali sukan sayar da gona dominsa. A 2015 jihar Uttar Pradesh ta nemi masinjoji 368, mutum miliyan 2 da dubu 300 suka nema, ciki har da masu digirin digirgir fiye da 250, alhali abin da ake buƙata kawai shi ne karatun firamare da iya tuƙa keke. A 2019 hukumar jiragen ƙasa ta fitar da gurabe kimanin 35,000, mutum miliyan 12 da rabi suka cike fom, aka yi ta jan ƙafa har zuwa Janairun 2022, inda masu neman aikin suka fusata da yadda aka tace sakamako suka cinna wa taragon jirgi wuta a garin Gaya na jihar Bihar. Mai aikin gwamnati a ƙauyen Indiya, ko da ƙaramin magatakarda ne, banki zai ba shi rance, mai gidan haya zai amince masa, kuma iyayen yarinya za su saurare shi. Wanda ya san yadda ake tambayar manemin aure a garuruwanmu ko yana da aikin ofis ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani.

Wannan buri yana cin shekaru. A unguwar Mukherjee Nagar ta Delhi, da biranen Prayagraj da Patna, akwai dubban matasa da suke haya a ƙananan ɗakuna, suna biyan makarantun share fage, suna haddace tambayoyin jarrabawar shekarun baya, wasu shekara uku, wasu biyar, har shekarunsu su haura iyakar da aka sa wa masu nema. Ƙarfin samartaka ke nan, lokacin da ya kamata a ce mutum yana koyon sana'a a hannu, yake ƙarewa a kan teburin karatun da ba zai amfane shi a ko'ina ba idan bai ci ba. A watan Fabrairun 2024 kusan mutum miliyan 4 da dubu 800 suka yi rajistar jarrabawar shiga aikin ɗan sanda a Uttar Pradesh, domin gurabe 60,244. Bayan sun cika jiragen ƙasa da tashoshin mota sun je sun rubuta, sai ta bayyana cewa tambayoyin sun fita tun kafin ranar, aka soke jarrabawar gaba ɗaya. A wannan watan ne majalisar ƙasar ta zartar da dokar da ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 10 ga masu safarar tambayoyi, wanda hakan kaɗai ya nuna girman kasuwar.

Dalilin da ya sa arziki yake hawa aiki bai bi shi ba yana cikin hanyar da Indiya ta bi. Koriya ta Kudu da Sin, da Vietnam a baya-bayan nan, sun kwaso mutane daga gona suka zuba su a masana'antun ɗinki da takalma da haɗa kayan lantarki, ayyukan da mai ƙaramin karatu zai koya cikin 'yan makonni. Indiya kuwa ta yi fice ne a harkar manhajar kwamfuta da banki da magunguna da tace mai, sassan da suke kawo kuɗi mai yawa da hannaye kaɗan. Duk ɗaukakar da kamfanoni irin su Infosys da TCS suka samu, sashen fasahar sadarwa gaba ɗayansa bai ɗauki mutum miliyan 6 ba, a ƙasar da mutanenta suka haura biliyan 1 da miliyan 400. Har yanzu kusan kashi 45 cikin ɗari na masu aiki suna gona, kuma abin da gonar take bayarwa bai kai kashi ɗaya cikin biyar na arzikin ƙasa ba. A 2014 Firayim Minista Narendra Modi ya ƙaddamar da shirin ƙera kaya a gida da burin masana'antu su kai kashi 25 cikin ɗari na tattalin arziki, amma bayan shekara goma ba su kai kashi 20 ba. Bangladesh, maƙwabciyarta da ba ta kai jihar Uttar Pradesh kaɗai yawan jama'a ba, ta fi ta fitar da tufafin da aka ɗinka zuwa ƙasashen waje. A da akwai kuma tsohuwar dokar ƙwadago da ta daɗe tana wajabta wa masana'antar da take da ma'aikata 100 ko fiye ta nemi izinin gwamnati kafin ta rage mutane, abin da ya sa masu jari da yawa suka gwammace su tsaya a ƙanana ko su yi ta ɗaukar 'yan kwantiragi.

A gefe guda kuma makarantu suna ta yaye ɗalibai. Rahoton da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar a watan Maris na 2024 ya nuna cewa kusan kashi 83 cikin ɗari na marasa aikin yi a Indiya matasa ne, kuma rashin aiki a tsakanin matasa masu digiri ya kai kashi 29, alhali a tsakanin waɗanda ba su iya karatu da rubutu ba bai kai kashi 4 ba. Masu kamfanoni sukan ce kwalin da yawancin ɗaliban suke riƙe da shi ba ya nuna abin da suka iya, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai yaron da ya bi duk matakan da aka ce ya bi, iyayensa suka ci bashi suka biya, ba shi ne ya buɗe kwalejin da ba ta da malamai ba.

Amsar da gwamnati ta fi nunawa ita ce bikin raba aiki da ake kira Rozgar Mela, wanda Modi ya buɗe a watan Oktoban 2022 da alƙawarin cike gurabe miliyan 1, aka kuma raba takardun kama aiki 75,000 a zagayen farko. Ba na raina takardar da ta shiga hannun mutum ɗaya, domin gida guda ne ta rufa wa asiri. Amma yawancin waɗannan gurabe ne da dama suke nan a ma'aikatu, waɗanda aka bari babu kowa bayan masu su sun yi ritaya, kuma rahoton tattalin arzikin da gwamnatin da kanta ta gabatar a Yulin 2024 ya ce ƙasar tana buƙatar sababbin ayyuka kusan miliyan 8 a wajen gona kowace shekara har zuwa 2030. Taron baje kolin aiki wurin rabo ne, kuma mai rabo ba ya iya ba da abin da ba a girka ba. Wanda yake son ya ga inda matasan suka sa rai ya tuna layin da aka yi a biranen Rohtak da Lucknow a cikin sanyin Janairun 2024, inda dubbai suka fito neman aikin gini a Isra'ila, ana tsakiyar yaƙin Gaza, domin maye gurbin leburorin Falasɗinawa da aka soke wa izinin aiki. Albashin ya kai rufi 137,000 a wata, ninki biyar ko shida na ɗan dakon Mumbai.

Ɗan Nijeriya ba ya kallon wannan daga nesa. Ranar Asabar 15 ga Maris, 2014, fiye da mutum rabin miliyan, kowanne ya biya naira 1,000 kuɗin fom, suka cika filayen wasa a Abuja da Minna da Fatakwal da sauran birane sanye da fararen kayan motsa jiki, domin guraben hukumar shige da fice da ba su kai 5,000 ba. Aƙalla mutum 16 suka rasu a turmutsitsin. Mako uku bayan haka, ranar 6 ga Afrilu, aka sanar cewa sabon lissafi ya nuna tattalin arzikinmu ya kai dala biliyan 510, mun zama na ɗaya a Afirka. Ni kaina na taɓa raka ɗan ƙanwata wani taron ɗaukar aiki da wani kamfani ya kira a garinmu. Tun asuba muka isa, da ambulan ɗinsa mai ruwan ƙasa, a ciki akwai kwalin digiri da aka lulluɓe da leda da hotunan fasfo takwas. Da azahar ta yi aka turo kwali a ƙofa aka ce kowa ya jefa tasa, kuma ina tsaye mai gadi ya danna takardun da ƙafa domin su samu wuri.

Adalci ne a ce bunƙasar Indiya ba ta banza ba ce. Talauci mai tsanani ya ragu sosai, an shimfiɗa tituna, lantarki ya isa ƙauyuka, kuma masana'antun da suke haɗa wayar iPhone a kusa da Chennai, waɗanda suka ɗauki dubban 'yan mata, sun nuna cewa ƙasar tana iyawa idan ta sa kanta. Sai dai masu zaɓe ba su jira ba, domin a zaɓen 2024 jam'iyyar BJP ta tsaya a kujeru 240 cikin 543, ta rasa rinjayen da take da shi ita kaɗai tun 2014, kuma babbar asararta a Uttar Pradesh ta yi ta, jihar masinjoji 368 da jarrabawar da aka soke.

Kafin a gina masana'antun da za su rage layin, akwai abin da ba ya buƙatar shekaru. Duk mai kiran jama'a neman aiki, gwamnati ce ko kamfani, ya tace takardu ta intanet, ya ba kowa rana da sa'a, ya faɗi adadin guraben tun a talla, kuma ya daina mayar da kuɗin fom hanyar samun kuɗin shiga daga aljihun wanda ba shi da albashi. Uttar Pradesh ta gwada wani abu mai kama da haka da ta sake jarrabawar 'yan sanda a ƙarshen Agustan 2024, inda aka raba ta kwana biyar, aka ɗauki masu rubutawa kyauta a motocin gwamnati, aka tantance kowa da zanen yatsa a ƙofa. An gama lafiya, miliyoyi suka rubuta suka koma gida, guraben kuwa suna nan 60,244 kamar yadda suke a watan Fabrairu.